Ya iya sukuwa kafin ya iya tsayawa: wata goma sha huɗu a wata barga a Jos

Bargar da yaron

Bargar tana bayan garin Jos, inda gidaje ke ƙarewa duwatsu su fara. Dawakai biyar ne a turke lokacin da wannan labari ya faro, akwai fili mai faɗin kadada uku ko ƙasa da haka, da wani tsohon tafkin kuza a gefen gabas wanda aka kewaye da waya saboda zurfinsa. Mai bargar ɗan kasuwa ne mai son doki. Shi ya kawo shawarar a tara yaran unguwa ranakun Asabar da Lahadi a koya musu hawa irin na gasa, maimakon sukuwar kan titi da ke jawo haɗari duk ranar hawan angwanci. Ya ɗauko wani dattijo da ya yi shekaru yana horar da dawakan fareti, yara suna ce masa Malam. Akwai kuma Baba, wanda ya girme mu duka, shi ke ba da harawa da dusa, shi ke kwana da dawakan. Ni aikina riƙe littafin barga: wa ya hau wane doki, minti nawa, shinge mai tsayin nawa, me ya faru. Daga wannan littafi na ciro alƙaluman da ke ƙasa.

Yara tara aka fara da su, daga ɗan shekara 11 zuwa ɗan 16. Wanda zan bi sawunsa ɗan shekara 14 ne daga cikin gari. Tun yana ɗan shekara takwas yake bin masu kilisa, yana wanke musu doki su ba shi zagaye ɗaya. Ba shi da tsoro ko kaɗan, kuma zamansa a kan doki abin kallo ne. Dokin da aka haɗa su bikili ne namiji, ɗan ƙasa, shekararsa tara, tsayinsa santimita 149 a doron kafaɗa. Ya yi shekaru a hannun masu ba da hayar doki kafin ya zo bargar. Sunan launinsa ya bi shi, Bikili.

Wasan da ake koya

A Jos ido ya saba da folo da kilisa. Wannan wasa daban ne. Turawa suna ce masa iventin, kuma gasa ce mai zango uku da mahayi ɗaya da doki ɗaya. A bargar mun sa musu suna ladabi, daji da sanda. Ladabi shi ne a shiga fili mai mita 20 a 40, a yi tafiya da sassarfa da ƙaramar sukuwa a kan layuka da da'irori da aka tsara, alƙali yana ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10. Daji shi ne a bi hanya a fili buɗaɗɗe ana tsallake gungumen itace da rami da ruwa, abubuwan da ba sa faɗuwa in doki ya buge su. Sanda kuwa shingayen sanduna ne a cikin fili, waɗanda ke zubewa in an taɓa. Tara ake tarawa, mai ƙarancin tara shi ya ci. Sanda ɗaya ta faɗi, maki 4. Doki ya turje a daji karo na farko, maki 20. Kowace daƙiƙa da aka wuce lokacin da aka yanka a daji, 0.4. Mahayi ya faɗi, an fitar da shi.

Asalinsa gwajin dokin soja ne, shi ya sa da ya shiga gasar Olamfik a Sitokholm a 1912 hafsoshin soja kaɗai ke yi, mace ba ta shiga ba sai a Tokiyo a 1964. Hukumar wasannin doki ta duniya, FEI, ta raba matasa gida-gida: masu hawan kuru daga shekara 12 zuwa 16, ƙananan mahaya daga 14 zuwa 18, matasa daga 16 zuwa 21. A Ingila matakin shiga na ƙasa shingensa santimita 80 ne, ana gudu mita 435 a minti, sai 90, sai 100. Wannan tsani Malam ya ɗauko daga littafin da yake da shi, ya ce cikin shekara guda yana so yaransa su kai santimita 80.

Oktoba zuwa Disamba, shekarar farko

An fara ranar Asabar ta biyu a Oktoba, damina na ja da baya, ƙasa da sauran laushi. Sati biyu aka yi ana saba wa yara da sirdin tsalle. Wanda ya taso a sirdin gargajiya mai kwacciya gaba da baya, mai faffaɗar likkafa, ya saba ya zauna daram ya jingina. Sirdin tsalle falalo ne, likkafa a gajarce, nauyi a kan dunduniya. An kuma cire wa Bikili linzamin gargajiya mai zobe aka sa masa mai gaɓa a tsakiya, domin shi doka ta yarda da shi a ladabin ƙananan matakai.

A sati na uku aka kafa sanda ta farko, santimita 40. Malam ya faɗi dalilinsa a fili: in ba a ba yara tsalle da wuri ba, za su koma titi. Yaron ya tsallake a gwajin farko. Ƙarshen Nuwamba yana yin 60, tsakiyar Disamba ya yi 70 sau biyu. A littafi na rubuta tsalle 212 na Bikili cikin sati goma, turjiya uku kacal. A shafin ladabi na wannan lokaci kuwa, duka-duka awa huɗu ne. Ranar 18 ga Disamba Baba ya ce mini in rubuta cewa Bikili yana zubar da dusa daga baki in yana ci, kuma yana kaɗa kai in aka zo sa masa linzami. Na rubuta. Ba wanda ya koma kan maganar.

Janairu zuwa Maris: turjiya, da abin da aka gwada

Hunturu ya kama sosai. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, sanyin safiya yana sa doki zumuɗi, jar ƙasar filin kuma ta bushe ta zama kamar daɓe. A sati na biyu na Janairu Bikili ya fara wani hali. Da ya hango shinge daga nisan mita ashirin sai ya ɗaga kai, ya ƙwace, ya nufe shi a guje. Wani lokaci ya tsallake da ƙyar, wani lokaci ya kafe ƙafafu daf da sanda yaron ya tafi kan wuyansa. A Janairu turjiya 14 cikin gwaji 60. A Fabrairu 23 cikin 55.

Abu na farko da aka gwada bulala ce da kaimi. Malam ya ce doki ya raina yaro. Sati biyu ana haka. Turjiya ta ɗan ragu a satin farko, amma gudun ya ƙaru, a na biyu kuma Bikili ya koyi kaucewa ta gefen hagu.

Na biyu, an mayar masa da linzamin gargajiya a wajen tsalle, don yaron ya samu abin riƙe shi. Wannan linzami yana da zobe da ke kewaye haɓar doki da wani harshe da ke tokare masa ganda in an ja, shi ya sa mahayin Sallah ke iya zamiya a gaban sarki da ɗan jan hannu. Ya yi aikinsa: Bikili yana tsayawa. Sai dai doki yana miƙa wuya gaba in yana sama don ya daidaita jikinsa, duk kuwa sanda ya miƙa sai ya ci karo da ƙarfe, domin hannun yaron bai iya sakin ragama a sama ba. Cikin kwana tara ya daina kusantar shinge kwata-kwata. Aka mayar da mai gaɓa.

Na uku, an rage masa dawa daga mudu biyu zuwa rabin mudu a rana, wai ƙoshi ne ke sa shi tutsu. Ya rame, haƙarƙari ya fito, halin bai canja ba. Baba ya yi fushi da wannan mataki, ya faɗa wa mai bargar a gabana.

Na huɗu, an sauya mahayi. Wani ɗan shekara 16 ya hau Bikili, yaron kuma aka ba shi wata goɗiya kili mai sanyin hali. Bikili ya turje wa sabon mahayin sau biyar cikin takwas. Goɗiyar kuma, wadda ba ta taɓa gaggawa ba, ta fara ruga wa shinge a hannun yaron a rana ta uku. Wannan gwaji ya nuna abu biyu a lokaci guda, amma a ranar abin da aka karanta a ciki shi ne Bikili ne mai laifi.

Na biyar, a ƙarshen Maris, aka yanke shawarar fitar da shi daga filin sanda zuwa daji. Tunanin shi ne doki ya gane sanda tana faɗuwa shi ya sa ba ya girmama ta, in ya ga gungume zai natsu. Aka jawo gungumen itacen turare guda uku aka girke, mafi tsayi santimita 75.

Afrilu: faɗuwa

Ranar Lahadi ta farko a Afrilu, da misalin ƙarfe biyar na yamma, ruwan farko bai sauka ba tukuna. Yaron ya tsallake gungume na ɗaya da na biyu. Tsakanin na biyu da na uku akwai gangara ta kusan mita tamanin. Bikili ya sauko ta da cikakkiyar sukuwa, ya zo gindin gungumen a takun da bai dace ba, ya yi niyyar tsayawa, kaimi ya shige shi, ya tashi a makare. Gwiwoyinsa na gaba suka bugi itacen. Bai kifa ba, ya dai durƙusa a ɗaya gefen, yaron ya wuce ta kansa ya sauka da kafaɗa da gefen kai.

Yana sanye da hular kwano ta hawan doki, ɗaya daga cikin huɗu da mai bargar ya sayo a gwanjo. Ta tsage daga gefen dama. Ba shi da rigar kariya, ba mu da ko ɗaya a lokacin, alhali doka ta wajabta ta a daji. Bai suma ba, amma ya yi minti kusan goma yana maimaita tambaya ɗaya, ya kuma yi amai a mota. A asibiti aka ce buguwar kai ce da targaɗe a tsintsiyar hannu, likita ya hana shi hawa da ƙwallo na sati uku aƙalla.

Irin wannan faɗuwa, in da dokin ya juya ta kan gungumen ya faɗo a kan mahayi, ita ce mafi kisa a wasan. A 1999 mahaya biyar suka mutu a Birtaniya a cikinta da makamantanta, abin da ya sa aka ƙirƙiro ƙusoshin da ke karyewa su saki shinge in doki ya buge shi da ƙarfi. Namu gungumen a ƙasa yake kwance, babu abin da zai saki.

Da daddare mahaifin yaron ya zo bargar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, na ba ku shi ne don a raba shi da titi. A titi bai taɓa kwana asibiti ba." Ya ce an gama.

Afrilu zuwa Mayu: awo

Mai bargar ya dakatar da tsalle ga kowa. Ya kira wata likitar dabbobi da ta yi aiki a Vom, inda cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa take tun 1924, don ta duba gwiwoyin Bikili. Gwiwoyin ƙujewa ce kawai. Amma Baba ya tare ta ya ce, "Likita, don Allah ki duba bakinsa." Ta sa ƙarfen buɗe baki ta haska tocila. Turamen sama sun yi kaifi ta gefen kunci, sun yanka kuncin ciki a ɓangarori biyu. A dasashin da ke tsakanin haƙoran gaba da turame, daidai inda linzami ke zama, akwai tsohon tabo da sabon rauni a hagu. Haƙorin doki yana ta fitowa ne tsawon rayuwarsa, in ba a goge kaifin lokaci-lokaci ba haka yake yi. Ba a taɓa goge na Bikili ba. Ta goge, ta ce sati huɗu babu ƙarfe a bakinsa. Ta matsa kofatan gaba da awartaki ya janye duka biyun: sun yi tsawo ta gaba, tafinsu ya daku da busasshiyar ƙasa.

Awo na biyu daga wayar wani yaro ya fito, wanda ya ɗauki bidiyon ranar faɗuwar. Muka auna hanyar da igiyar awo, muka ƙirga daƙiƙoƙi. Mita 400 na farko yaron ya cinye su cikin daƙiƙa 38. Wato sama da mita 630 a minti. A manyan gasannin duniya irin Badminton da Burghley a Ingila, inda ƙwararru ke tsallake shingen mita 1.20, mita 570 a minti ake nema. Matakin da muke nufa 435 ne. Da aka tambayi yaron daga baya, ya ce shi a jinsa a hankali yake tafiya.

Awo na uku ni na yi shi, kuma da na yi tun Nuwamba. Tazarar da Malam ke sa wa tsakanin shinge biyu masu taku ɗaya mita 7.3 ce, yadda littafi ya ce. Littafin an rubuta shi ne don manyan dawakan Turai masu takun mita 3.6. Muka share ƙasa muka sa Bikili ya yi ƙaramar sukuwa a kai, muka auna sawunsa: mita 3.1 zuwa 3.2. Duk sanda ya shiga tsakanin shingayen nan, ko dai ya ƙara gudu ya miƙe don ya kai, ko ya cusa ɗan guntun taku ya tashi a gindin sanda. Wata biyar yana haka.

Malam ya karɓi sakamakon uku a zaune a kan buhun dusa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a kawo littafin, ya buɗe shafin 18 ga Disamba ya karanta da kansa.

A tsakiyar Mayu shi da Baba suka je gidan su yaron. Ban je ba, Baba ne ya ba ni labari. Malam ya ce, "Alhaji, laifin nawa ne, ba na yaro ba, ba na doki ba." Ya ajiye masa takarda mai sharuɗɗa huɗu: babu tsalle na sati goma sha biyu, ba za a ƙara tsayin shinge ba sai yaro ya ci gwajin matakin da yake, babu daji sai da rigar kariya da sabuwar hula, duk ranar gwaji za a gayyaci mahaifi ya tsaya. Alhaji ya ce zai yi shawara da mahaifiyar yaron. Bayan kwana goma yaron ya bayyana a bargar da kansa, da takardar a aljihu an sa mata hannu.

Yuni zuwa Satumba: sati goma sha biyu babu tsalle

Nan aikin yake, kuma shi ne mafi rashin armashi ga mai kallo. Sati biyu na farko yaron bai hau ba. Malam ya ɗauko tsarin ƙungiyar Pony Club, wadda aka kafa a Ingila a 1929, inda kula da doki ke cikin jarrabawar yaro kafin ya haura mataki. Baba ya zama malamin wannan sashe. Ya koya masa ɗaga kofato da share shi, shafa ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa don jin zafi ko kumburi, cire kaska, da ƙirga bugun zuciya a ƙarƙashin muƙamuƙi na daƙiƙa 15 a ninka huɗu. Na Bikili a hutu 36 ne zuwa 40. An mayar masa da abincinsa, harawa da ingirici su ne gaba, hatsi kaɗan a rabe sau biyu.

Da aka koma hawa, da ragama mara ƙarfe aka fara, cikin filin ladabi da aka zana da farar ƙasa. Aka ɗaura wata igiyar fata a wuyan Bikili don yaron ya riƙa kamawa in ya ji zai faɗi, kada ya rataya a bakin doki. Darasin farko tsayawa ne: daga tafiya zuwa tsayuwa, da zama da numfashi da murya, hannu na ƙarshe. A ranar farko sai da suka yi taku tara kafin Bikili ya tsaya. A ƙarshen Yuni taku biyu. Sai sassarfa zuwa tafiya, sai ƙaramar sukuwa zuwa sassarfa, sau talatin, sau arba'in a darasi guda. Sai tsayuwa a kan likkafa ba tare da zama ba: daƙiƙa 40 ya iya a farko kafin cinyoyinsa su gaza, a Agusta yana yin minti huɗu.

Yaron ya tsani wannan lokaci, bai kuma ɓoye ba. Yara biyu daga cikin tara sun daina zuwa a Yuli, suka koma wajen masu haya, suna aiko masa da bidiyon sukuwa. Wata Asabar ya sauko daga doki ya ce, "Malam, wannan ai hawan mata ne." Malam ya ce masa, "Ɗana, sojan da ya ƙirƙiro wasan nan da ladabi yake farawa a ranar farko, kafin ya shiga daji. Ka san dalili?" Yaron ya yi shiru. Sati biyu bai zo ba. Baba ne ya je ya same shi a shagon yayansa, bai yi masa wa'azi ba, ya ce masa kawai Bikili ya ƙi cin dusa kuma jikinsa da zafi.

Gaskiya ne. Zafin jikinsa ya haura digiri 40, alhali na lafiyayyen doki tsakanin 37.5 ne da 38.5. Likitar ta ɗebi jini, aka samu zazzaɓin kaska, ciwon da ke yawaita da damina. Sati uku aka rasa. Yaron ya zo kullum bayan makaranta a cikin sati ukun nan, shi ke auna zafi safe ko yamma yana faɗa mini in rubuta. Ban sa wannan a cikin abubuwan da aka tsara ba, domin ba wanda ya tsara shi, amma bayansa bai sake fashi ba.

Koyon gudu ya zo a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, a ranakun da ƙasa ba ta da santsi. Muka auna da'irar mita 400, muka kafa tuta a kowace ɗari. Malam ya ce ya zagaye ta cikin daƙiƙa 69, wato mita 350 a minti. Gwajin farko 47. Na biyu 52. Yana sauka yana rantsuwa cewa agogon ne ba daidai ba. Aka ba shi dabara: ya riƙa ƙirga takun doki da babbar murya tsakanin tuta da tuta. A sati na uku yana buga 69 da kuskuren daƙiƙa uku. Sai aka ce 60, sai 55, wanda shi ne mita 435 a minti. Abin da aka fi nacewa a kai shi ne ya tashi daga 55 ya koma 69 tsakanin tuta biyu ba tare da ya fizgi ragama ba, domin haka ake yi a gaban kowane shinge a daji. Don ƙarfin jiki kuma, duk kwana huɗu Bikili yana yin ƙaramar sukuwa ta minti uku sau uku da tafiyar minti uku a tsakani. Minti goma bayan gamawa bugun zuciyarsa 72 ne a farko, a ƙarshen Satumba 56.

Oktoba zuwa Nuwamba: komawa shinge

An mayar da linzami mai gaɓa tun Agusta, bakin ya warke. A satin farko na Oktoba aka shimfiɗa sanduna a ƙasa, tazarar mita 1.2, ana bi da sassarfa. Da Bikili ya ga sanda ya ɗaga kai ya nemi ƙwacewa kamar dā. Umarnin shi ne, duk sanda ya yi haka, a karkata a yi da'ira, a dawo, ba bulala. Rana ta farko da'ira goma sha ɗaya kafin ya taka sandunan a natse. Rana ta huɗu babu ko ɗaya. Sai shingen santimita 30, sai 40, tazarar taku ɗaya yanzu mita 6.4. An ƙayyade tsalle: bai wuce goma sha biyu a darasi ba, sau ɗaya a sati. A wurin tashi da wurin sauka na kowane shinge aka zuba yashi gauraye da garin katako da aka kwaso daga kasuwar Katako. Gungumen turaren aka sassaƙe su zuwa santimita 50 da 60, aka matsar da na ukun daga gindin gangara. Rigunan kariya biyu suka iso a ƙarshen wata, yara suna karɓa-karɓa.

Ranar Asabar ta biyu a Nuwamba aka yi gwajin cikin gida a santimita 60, yara shida, iyaye suna tsaye, motar mai bargar a kusa da makulli a jiki. A ladabi yaron ya samu kashi 58, tararsa 42 ke nan. A sanda ya zubar da ɗaya, 4. A daji, shinge takwas a mita 1,200, an yanka minti uku. Bai turje ko sau ɗaya ba, ya shigo a makare da daƙiƙa tara, 3.6. Jimla 49.6, na uku cikin shida. Daga Oktoba zuwa ranar, littafi ya nuna tsalle 58, turjiya biyu. Da ya sauka, kafin ya je wajen mahaifinsa, sai da ya sassauta majayi ya sa hannu a muƙamuƙin Bikili yana ƙirgawa.

Santimita 80 da aka yi alkawarin kaiwa cikin shekara ba a kai ba. Daga Disamba aka rufe daji har sai ruwa ya sauka.

Abin da na gani a cikin alƙaluman

Matsala ɗaya muka yi ta nema tun Janairu, ashe huɗu ne a sarƙe: baki mai ciwo, kofato mai ciwo a busasshiyar ƙasa, tazarar da ba ta dokin ba, da mahayin da gudu ɗaya kawai ya sani. Kowane magani cikin biyar ɗin da aka gwada ya ɗauka cewa taurin kai ne, don haka kowanne ya ƙara wa ɗaya daga cikin huɗun nauyi. Bulala ta ƙara gudu, linzamin zobe ya ƙara ciwon baki, gungume ya cire sassaucin da sanda ke yi wa kuskure. Gwajin goɗiya kili shi ya fi ba ni takaici, domin ya faɗa mana gaskiya sati uku kafin faɗuwar.

Ina ganin jarumtar yaron ce ta rufe mana ido. Yaro mai tsoro yakan tilasta wa malami ya bi a hankali. Wannan kuwa duk abin da aka kafa masa zai nufa, sai muka ɗauki rashin tsoro a matsayin ƙwarewa. Yaran kilisa na Jos da yawa haka suke, sun zo da zama da zuciya waɗanda yaron Ingila ke shekaru yana nema, abin da babu a hannunsu shi ne tsaka-tsakin gudu, tsakanin tafiya da sukuwar ƙarshe. Tsanin da aka ɗauko daga waje bai san da wannan ba, kamar yadda bai san takun Bikili ko ƙasar Janairu ba.

Tsoron Malam na farko ma ba banza ba ne, kuma ba zan ɓoye shi ba: da aka hana tsalle, yara biyu sun tafi, ɗaya kuma ya biyo su a Satumba, har yau ba su dawo ba. Ban ga an warware wannan ba. Yaron nan ma ba tsarinmu ne ya riƙe shi ba, zazzaɓin dokinsa ne da tafiyar da Baba ya yi zuwa shago. Sabbin yara huɗu da aka ɗauka a Janairu an raba wa kowannensu dokin da zai kula da shi tun ranar farko, an kuma ƙara wani gurbi a littafin barga mai taken "Maganar Baba", wanda Malam ke sa wa hannu kowace Lahadi kafin a ɗaura sirdi.